Manomin Rake da Wushiryar 'Yarsa

An yi wani mutum, manomin rake, wanda gidansa yake bakin wata fadama. Mai tsoron Allah ne, ba ya fashin sujada, ba a kuma taɓa jin ya ɗaga murya a kan maƙwabcinsa ba. Matarsa tana da wushirya, 'yar siririyar tazara tsakanin haƙoranta biyu na gaba, irin wadda mutanenmu suke lissafawa cikin alamun kyau tun kaka da kakanni. In ta yi dariya a bakin rijiya, har tsofaffi sukan dakata da jan guga su dube ta. Suka haifi 'ya mace, suka raɗa mata suna Afiniki. Yarinyar ba ta gama koyon tafiya ba zazzaɓi ya kwantar da uwar, kafin a sare raken shekarar kuwa an kai ta makwancinta.

Ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Mutumin ya zauna da tsoro guda a ransa, kada wata rana ya nemi fuskarta cikin zuciyarsa ya rasa. Bai sake aure ba. Yayarsa, wata gwauruwa mai kaifin harshe da taushin zuciya, ta dawo gidan ta riƙe yarinyar.

Da Afiniki ta kai shekarun famfara, haƙoran ƙuruciya suka zube, manya suka fito. Wata rana uban yana zaune a ƙofar gida yana fere rake, yarinyar ta zo da gudu tana dariya, sai ya ga 'yar tazara tsakanin haƙoranta na sama. Wuƙar ta tsaya a hannunsa. Ya daɗe yana kallonta, sa'an nan ya sunkuyar da kai ya yi wa Allah godiya a asirce, gama a ganinsa an mayar masa da wani yanki na abin da kabari ya karɓe. Tun daga ranar ya zama mai yawan ba ta labaran ban dariya, ba don kome ba sai don ta buɗe baki.

Amma yayarsa, wadda take yi wa yarinyar wanka, take kuma kwana kusa da ita, ta ga abin da shi bai gani ba. Ta ga leɓɓan yarinyar ba sa haɗuwa sai ta matsa su da ƙarfi. Ta ga haƙoran sama suna ƙara turowa waje shekara bayan shekara. Ta ga in yarinyar ta tauna abu mai tauri, takan tofar da yawu da ɗan jini. Ga shi kuma, 'yar manomin rake ce, amma ba ta iya ɓare rake da haƙoran gaba kamar sauran yara. Uban ne yake fere mata, ya yanyanka ƙanana ya zuba mata a ƙoƙo, yana cewa gata ne.

Yayar ta ce masa, "Ƙanena, wannan ba gata ba ne. Ɗan akuyar da aka haifa jiya ya fi 'yarka iya cizo."

Ya ce, "Yaya, wushirya ce. Gado ta yi."

Ta ce, "Na san wushiryar da kake nufi, ni na yi wa mai ita lalle ranar aurenku. Waccan tsinke ma da ƙyar yake shiga. Wannan kuwa bara tsinke, bana kara, baɗi sai taɓarya. Yara sun fara kiranta zomo a hanyar makaranta, kai kana fadama ba ka ji ba."

Maganar zomon ce ta sosa masa rai. Sai suka shirya su uku suka tafi asibitin da ke cikin gari, inda akwai wata likitar haƙori da ta ƙware wajen daidaita haƙoran da suka kauce. Likitar ta zaunar da Afiniki, ta ce ta cije, ta ce ta buɗe, ta haska bakin ta duba ciki da waje. Sa'an nan ta kira uban ta nuna masa.

Ta ce, "Baba, ku duba nan. Haƙoran sama da na ƙasa kamar tukunya ne da murfinta, kowane yana da mazauninsa. Nata murfin bai zauna ba. Na ƙasa sun haura fiye da kima, suna dukan dasashin sama ta ciki, suna kuma tura na saman waje. Kowace loma ta tauna, ƙara tura su take yi. Shi ya sa tazarar take buɗewa. Yanzu ƙashinta ɗanye ne, yana jin magana. Zan liƙa wa kowane haƙori ɗan ƙarfe, in zura siririyar waya ta cikinsu, ita za ta riƙa jan su a hankali har su koma mazauninsu."

Ya ce, "Za ta ji ciwo?"

Ta ce, "Za ta ji, ba zan ɓoye muku ba. Duk lokacin da na ƙara ɗaure wayar za ta yi 'yan kwanaki tana jin jiki, sa'an nan ya lafa. Rake kuma sai ta haƙura da shi tukuna. Ku riƙa kawo mini ita a kan kari. In wani abu ya dame ku, kome ƙanƙantarsa, ku zo ku faɗa mini. Amma kada hannun kowa ya taɓa wayar nan sai nawa."

Tambaya ɗaya ta taso masa a rai: wushiryar fa, za ta rufe? Amma in ya yi ta, dole a tambaye shi dalili, dalilin kuwa shi ne begen matarsa. Ina dattijo mai furfura a gemu zai buɗe baki gaban yayarsa, gaban 'yarsa, gaban baƙuwar mace, ya ce yana kewar murmushin matarsa? Ba a yin haka a wurinmu. Kunya ta rufe masa baki. Ya ce, "To, Likita, Allah ya sa albarka."

Aka sa wayar. Kwanakin farko Afiniki ba ta iya cin kome sai kunu da fura mai ruwa-ruwa. Uban ya daina shigowa da rake gida, don kada ta gani ranta ya biya. Ciwon ya lafa kamar yadda aka faɗa, ya dawo da aka ƙara ɗaurewa, ya sake lafawa. Kafin damina ta kai tsakiya jinin ya tsaya, leɓɓanta suka fara haɗuwa da kansu. Yayar ta ce, "To, yau dai ƙuda ya rasa masauki." Yarinyar ta yi dariya har da riƙe ciki.

Uban ma ya yi murmushi, amma idonsa yana kan tazarar, ya kuwa ga ta ragu.

Afiniki tana cikin ƙungiyar yara mawaƙa ta majami'a, tana da murya irin ta uwarta. Wata Lahadi aka tsayar da ita a gaba don ta ja waƙa. Ta buɗe baki, uban ya ɗaga ido daga inda yake zaune yana neman fuskar da ya saba samu a wurin, sai ya ga ƙarfe yana ƙyalli, tazarar kuma ta kusa ɓacewa. Bai ji wa'azin ranar ba. Ya koma gida da nauyin zuciya irin na wanda ya dawo daga jana'iza, yana cewa a ransa, "Sau ɗaya zazzaɓi ya ɗauke ta. Yanzu kuma da hannuna na kai ta a sake ɗauke mini." Bai faɗa wa yayarsa ba, bai faɗa wa likita ba. Ko cikin addu'arsa bai ambata ba, gama yana ganin abin ya yi ƙanƙanta, ya kuma yi ban kunya, da za a kai shi gaban Maɗaukaki.

Sai ya zamana, washegarin wata ɗaurewa, yayar ta tafi taron zumuntar mata a ƙauyen gaba. Uban ya dawo daga fadama da hantsi ya tarar da Afiniki kwance a kan tabarma, ta dafe kunci, hawaye na gangara.

Ta ce, "Baba, ciwo."

Ya zauna kusa da ita. Ya san ciwon na kwana biyu ne, ya ga zuwansa da tafiyarsa sau da yawa. Duk da haka ya ce, "Kina so in cire miki?"

Wane yaro ne za a yi wa wannan tambaya cikin zafin ciwo ya ce a'a? Ta gyaɗa kai.

Ya tashi ya je wurin maƙerin ƙauye ya ari ƙaramin awartaki, ya ce zai gyara shingen lambu. Ya dawo ya zaunar da ita a inuwar durumi, ya ɗora kanta a cinyarsa, ya datse wayar, ya ɓamɓare ƙarafan ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama, ya saro mata rake mafi zaƙi a gonarsa, ya fere, ya yanyanka a ƙoƙo. Yarinyar ta sha tana murna, tana cewa babu uba kamar nata.

Da la'asar yayar ta dawo, ta ga gutsattsarin waya a kan tabarma. Ta tsuguna ta ɗauki ɗaya, ta juya shi a tafin hannunta.

Ta ce, "Me ka yi?"

Ya ce, "Tausayinta na ji, Yaya."

Ta dube shi, dubawar wadda ta goya shi yana jariri, ta ce, "Nata, ko naka?"

Ya kau da kai. Ta ce gobe da sassafe su koma asibiti. Ya ce, "Da wane ido zan dubi matar nan, bayan ta ce kada a taɓa?" Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta ce ita kaɗai za ta kai ta, ya ce bai yarda ba. Kullum sai ya ce a bari a gama sara, a bari a gama shuka. Kunya ta fari ta rufe masa baki, ta biyu ta ɗaure masa ƙafa. Yayar ta yi ta magana har ƙarfinta ya ƙare, tsufa ya zaunar da ita a ɗaki.

Haƙoran kuwa suka kama hanyarsu ta dā. Tazarar ta buɗe, ta kai daidai ta marigayiyar, uban ya yi farin ciki na 'yan watanni. Amma ba ta tsaya inda yake so ba, gama abin da yake tura ta bai san marigayiya ba. Ta wuce, ta yi ta wucewa. Haƙoran sama suka fito zaƙo-zaƙo, jinin ya dawo, dasashi ya fara janyewa, biyun gaba suka soma motsi in ta taɓa su da harshe.

Afiniki ta zama budurwa. Ta koyi yin magana da gefen gyale a bakinta. A ƙungiyar mawaƙa ta koma layin baya, daga baya ta ce maƙogwaro yana damunta, ta daina zuwa. Uban yakan kawo tsofaffin labaransa na ban dariya, sai ta sunkuyar da kai, kafaɗunta su ɗan motsa, bakinta a rufe da hannu. Ta haka ya rasa dariyar gaba ɗaya, ta uwar da ta 'yar.

Wata shekara lokacin sara, tana taya shi ɗaura dammunan rake a amalanke, sai kara ɗaya ya kuɓuce ya bugi bakinta. Ba wani bugu ba ne mai ƙarfi. Da leɓe yana rufe da haƙoran, da kumburi kaɗai za ta yi. Amma babu abin da ya kāre su, saiwarsu kuma ta riga ta yi rauni. Ɗaya daga cikin biyun gaba ya faɗi cikin laka, ɗayan ya karkace yana lilo. Uban ya durƙusa ya tono haƙorin daga cikin lakar, ya riƙe shi a hannu, ya ga yadda yake ƙarami.

A ranar kunyar ta sake shi, lokacin da sakinta ba shi da sauran amfani mai yawa. Ya kai ta asibitin. Likitar ta yi furfura, amma ta gane su. Ta duba bakin ta daɗe, sa'an nan ta ce biyun gaba ba za su tsira ba, gama ƙashin da ke riƙe da su ya zaizaye. Sauran za a iya daidaita su, ko da yake aikin zai fi na dā tsawo da wuya, daga baya a sa mata na roba a gurbin waɗanda suka tafi. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce, "Baba, me ya hana ku dawowa?"

Ya dubi ƙasa. Abin da ya riƙe shekara da shekaru ya fito cikin 'yan kalmomi. Ya ce, "Uwarta tana da wushirya. Ba ni da hotonta. Na ga tana rufewa."

Likitar ta ajiye kayan aikinta. Can ta ce, "Da kun faɗa mini. Ba da wushiryar nake yaƙi ba, da abin da yake tura haƙoran nake yi. Wayar nan inda na ce ta tsaya, nan take tsayawa. Da na gyara cizon, na bar mata 'yar tazara daidai yadda kuka san ta."

Afiniki tana kwance a kujerar, da auduga a bakinta, ta ji duka. Suka fita suka kama hanyar ƙauye. Sa'an nan ta ce, a hankali, kalmomin suna fita da iska ta giɓin, "Baba, ashe duk shekarun nan ba ni kake kallo ba."

Ya so ya ce ba haka ba ne, amma shi ba maƙaryaci ba ne.

Da suka isa gida ya zauna a gindin durumin nan, bai ci ba, bai sha ba. Can sai ga ta da ƙoƙon ruwa. Ta durƙusa ta miƙa masa, ta ce, "Wata mai zuwa za a mayar mini da wayar. Kai za ka raka ni." Ta ɗan dakata, ta ƙara da cewa, "In na yi kuka kuma, ka bar ni in yi."

Ya karɓi ƙoƙon da hannu biyu, hawayensa suna ɗiga a cikin ruwan.

Ya ku ƙaunatattu, ga fassarar wannan misali, mai kunnen ji ya saurara.

Likitar tana misalta Ubangiji, wanda yake ganin baɗini alhali mu zahiri kaɗai muke gani. Wayar ita ce horonsa da tarbiyyarsa, wadda ba ta fizga, ba ta kuma sakewa, sai dai ta yi ta ja a hankali har abin da ya karkace ya koma mazauninsa. Tana da zafi, Ubangiji kuwa bai taɓa ɓoye mana haka ba. Amma zafinta na kwanaki ne, fa'idarta ta tsawon rai.

Manomin kuwa ni ne, kai ne, ke ce. Ku lura, ba mugu ba ne. Ba ƙiyayya ce ta sa shi aron awartaki ba, ƙauna ce. Abin da ya so ya tsare ma ba zunubi ba ne, gama wushirya halittar Allah ce, begen matar kirki kuma ba aibi ba ne. Laifinsa yana wuri biyu. Na fari, ya sa wa son ransa rigar tausayi, har shi kansa ya gaskata. Iyaye, ku binciki zukatanku a nan. Sau nawa muke janye yaro daga gyaran da yake bukata, mu ce muna jin tausayinsa, alhali kuwa hawayensa ne ba ma iya jurewa, ko kuwa muna so ya zauna cikin siffar da ta yi mana daɗi? 'Ya'ya amana ne a hannunmu. Ba madubi ba ne da za mu riƙa duba abin da muka rasa a cikinsu.

Na biyu ya fi na fari ban tausayi. An ce masa, kome ƙanƙantar damuwa ya zo ya faɗa. Ƙofa a buɗe take, mai iko da wayar yana jira, amma ya zaɓi maƙeri. Haka muke yi da Allah. Mukan kai masa manyan bukatu, ruwan sama da lafiya da zaman ƙasa, sa'an nan mu ɓoye ɗan abin nan da yake cin zuciyarmu a hakika, domin muna ganin bai cancanci a ambata shi cikin addu'a ba. Muna zaton in mun miƙa masa kanmu zai ƙwace duk abin da muke ƙauna. Sai mu datse aikinsa da hannunmu. Da mun buɗe baki, wataƙila da mun ji ya ce, ba da wannan nake yaƙi ba. Kunya ado ce tsakanin mutum da mutum, amma wadda ta hana bawa faɗa wa Ubangijinsa ciwonsa ba ladabi ba ce, hasara ce.

Kada kuma wani ya fita daga nan ya ce duk mai giɓi ko mai karkataccen haƙori alamar laifi yake ɗauke da ita. Afiniki ba ta yi laifin kome ba, ita ce ta ɗauki nauyin kuskuren wani. Yara, kada in ji kun kira ɗan'uwanku zomo. Manya, in kun ga bakin yaro ba ya rufuwa, ko cizonsa bai zauna ba, ku kai shi wurin masana tun ƙashi yana ɗanye, gama ilimin da aka ba su shi ma baiwa ce daga sama.

A ƙarshe, ku tuna likitar ba ta kore su ba. Wanda ya dawo a makare ana karɓarsa, ana kuma mayar masa da wayar, gama jinƙan Ubangiji ya fi sakacinmu faɗi. Amma gafara ba ta mayar da haƙorin da ya faɗi cikin laka. Saboda haka, in akwai wani a cikinmu yau da yake riƙe da awartakin aro a aljihunsa, wayar kuwa ba a datse ta ba tukuna, ya mayar wa maƙeri kayansa, ya je ya faɗi abin da yake jin kunyar faɗa.